Motar da Ke Taka Burki da Kanta

Cikin maganganun da kuka ji a kaina daga bakin dangi akwai wadda take cewa ni na fitar da Baffanku Idris daga warshar kakanku, na kuma ƙwace masa masu kawo masa aiki. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba. Lokacin da abin ya faru kai Bashir kana Saudiyya, ke Nafisa kina gidan mijinki a Madani, Auta kuwa jami'a ta ɗauke mata hankali, sai dai ta shigo ta ga fuskoki a murtuke ta wuce ɗaki. Yanzu da yaƙi ya watsa mu, kowa yana inda Allah ya ajiye shi, ni kuma ba ni da aiki sai zama, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya tunawa. Ba neman ku goya mini baya nake yi ba. So nake ku san abin a jere, yadda ya zo.

Warshar tana cikin unguwar masu gyaran motoci ta Omdurman, fili ne da rumfar kwano da kakanku ya kafa bayan ya dawo daga Makka ya fasa komawa ƙasar Hausa. Da ya rasu muka gaje ta mu biyu. Yaya Idris samkari ne, wato mai gyaran jikin mota da fenti, kuma a iya sanina ba a yi mai hannu irin nasa a layinmu ba. In mota ta zo a lotse zai shafa wurin da tafin hannunsa ido a rufe, ya ɗauki guduma, in ya gama mai motar da kansa ya rasa inda aka buge ta. Ni kuwa aikin wutar mota na koya. Na yi wasu shekaru a Jidda a wani babban gareji inda ake duba sababbin motoci da kwamfuta, na dawo da irin na'urar nan da ake maƙalawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwon mota. Gefen dama na rumfar nasa ne, gefen hagu nawa. A gida ma haka muke a unguwar Umbadda: ƙofa ɗaya, sashe biyu, ɗakin Inna a tsakiya. Tire ɗaya muke cin abinci ni da shi, tun muna yara har furfura ta cika mana gemu.

Babban mai ba mu aiki a lokacin wani kamfani ne mai rarraba magunguna, ofishinsa a Khartum. Yaya ne ya samo su tun ina Jidda, duk motar da aka goga musu ko aka buga wurinsa ake kawo ta. A shekarar da nake ba ku labari sun shigo da wasu sababbin motoci masu buɗaɗɗen baya, masu abin da direbobi ke kira musabbit. In direba ya hau doguwar hanya sai ya danna maɓalli, motar ta riƙe gudunta, shi kuma ya ɗage ƙafa daga totur. Amma na waɗannan motocin ya wuce tsohon da muka sani. A bayan ragar gaba, daidai ƙarƙashin tambarin motar, akwai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, shi ake kira rada. Shi ne idon motar. Yana hango abin da ke gabanta, in ya ga ta kusa cim ma wata motar ya rage gudu, in ya ga za a yi karo ya taka burki da kansa ko direba bai taka ba.

Wata safiya muna karyawa da ful, dafaffen waken nan, a bakin rumfa sai ga ɗaya daga cikinsu ta shigo. Direbanta Adam ne, wani dogon magidanci ɗan yammacin ƙasar nan mai zama a unguwar Mayo, ba mai yawan magana ba. Motar na gane ta, don ba a daɗe ba da Yaya ya gyara mata gaba bayan wata raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta ci mata kusurwar dama a kasuwar Suk Libiya. Ƙaramin karo ne, bamba ta tsage, raga ta fashe, ba wanda ya ji ciwo. Ni ban ma taɓa ta ba a lokacin, tunda fitilu suna kamawa, babu kuma wata alamar gargaɗi da ta kunnu a gaban direba. Muka ce Adam ya sa hannu, ya ƙi. Ya tsuguna a gefena ya yi ƙasa da murya, ya kira ni usɗa, yadda ake kiran ƙwararren mai sana'a.

"Ya usɗa, motar nan tana taka burki da kanta."

"A ina?"

"A hanyar Jabal Awliya. Ina tafiya gabana fayau, ba mota ba jaki, sai ta yi ƙara ta tsaya cak. Shekaranjiya wata bas tana bina a baya, direban ya kauce da ƙyar ya faɗa gefen titi. Wata mata a ciki ta karye a hannu."

"Me suka ce a ofis?"

"Ustaz ya ce ko waya nake dannawa ko gyangyaɗi nake yi. Ya ce in kawo maka ita. In ka ce lafiyarta ƙalau, in ajiye makulli."

Ustaz Tijjani yake nufi, shugaban sashen motocin kamfanin. Mutum ne mai adalci gwargwadon abin da ya gani, kuma abin da ya gani shi ne sabuwar mota da tsohon direba.

Na maƙala na'urata. Ba ta nuna komai ba. Na duba burkin, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har zuwa inda suka shiga radar, na cire filogin na busa na mayar, na auna batir. Na wanke gaban motar, don wani lokaci taɓo ko tarin ƙura kan rufe idon. Komai daidai. Da a nan na tsaya, da na kira Ustaz na ce ban ga laifin mota ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma na lura da yadda Adam ke tsaye nesa da motar kamar mai tsoron kare, sai na ce masa ya shiga mu je inda take yi masa.

Muka haye gada zuwa Khartum, muka bi ta Kalakla har gari ya yi baya, ya danna musabbit. Ba mu yi nisa ba sai ta yi tsuwa ta ja burki, har goshina ya kusa bugun gilashi. Gabanmu babu kowa. Na waiga, sai na ga wata babbar mota a fake a gefen dama, direbanta yana alwala a inuwarta. Na ce Adam ya ci gaba. Can gaba ta sake yi, wannan karon amalanken jaki ne ɗauke da durom na ruwa, shi ma a gefen dama, can wajen kwalta. Daga nan na fara ganewa. Sai na ce ya bi bayan wata bas da ke gabanmu, ya bar ƙafarsa kusa da burki. Motar da ya kamata ta rage gudu tun daga nesa sai ta yi ta matsawa kamar ba ta ga komai ba, har sai da Adam ya taka da kansa. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Idon ya karkace zuwa dama. Tana ganin abin da ba ruwanta da shi, ba ta ganin abin da ke gabanta sai an zo dab, kuma ita kanta ba ta san ta karkace ba, shi ya sa ba ta kai ƙara ga kwamfuta ba.

Da muka dawo na kwance ragar. Ƙarfen da ke riƙe da radar yana nan a miƙe, an shafe shi da baƙin fenti, sai ka matso sosai za ka ga sawun guduma. Murfin robar da ke gabansa, wanda ya tsage a karon, an liƙe shi ta ciki da ma'ajun, ƙullun nan da samkarai ke cike lotsawa da shi, an bi da fenti mai ƙyalli. Aiki ne mai tsabta, aikin Yaya. Ga ido babu inda za ka ce ya kauce. Don in tabbatar sai na roƙi wani abokina ya ba ni sitonsa da babu kaya a ciki, saboda aikin yana son daɓe miƙaƙƙe da wurin da babu ƙarafa, mu kuwa ƙasan warsharmu tudu da kwari ne. Adam ya riƙe mini zare, muka ja shi daga tsakiyar bayan motar zuwa tsakiyar gabanta, muka zarce da shi, na ja layi da alli. A kan layin na kafa wani ɗan dalar ƙarfe da na zo da shi daga Jidda, wanda ake gwada rada da shi. Na tambayi motar ta kwamfuta inda take ganinsa. Ta ce can gefen hagu yake, alhali ga shi a tsakiyar hancinta. Karkatar a jikin ƙarfen ba ta fi kaurin farce ba, amma in ka miƙa ta zuwa nesa sai ta zama faɗin titi.

Gyaran ba wahala. Na samo mariƙi da murfi daga wata irinta da ta yi hatsari ta baya, na ɗaura, na saita. Muka sake bin hanyar nan har Jabal Awliya, muka wuce manyan motoci da amalanke ba ta ko yi tari ba. Adam ya tsaya ya saya mini kifi a bakin madatsar ruwa, na ƙi karɓa, ya jefa shi a bayan motar. A hanyar dawowa ne na tuna cewa ba wannan kaɗai ba ce. Akwai wasu biyu irinta da Yaya ya gyara wa gaba a watannin baya, ɗaya ta bugi ƙofar sito, ɗaya ta kaɗe akuya. Su ne kuwa masu zuwa nesa, Al-Ubayyid da Atbara, hanyoyin da direba kan danna musabbit ya yi ta tafiya, tankokin mai suna bin sa a baya.

Bayan la'asar na kira Yaya wurin mai shayin layinmu, na ja kujeru gefe, na faɗa masa komai. Na nuna masa tsohon ƙarfen. Ya juya shi a hannu, ya rufe ido ɗaya ya auna shi da gefen tebur.

"Wannan a miƙe yake, Haruna."

"Ga ido a miƙe yake, Yaya. Ko ni da na gani haka zan ce. Ba laifinka ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mana."

"To tunda ka gyara, ai shi ke nan. Ka ce wa Ustaz abin ne ya lalace daga karon, ka canza. Adam ya koma aikinsa."

"Sauran biyun fa?"

Ya juya cokali a kofi. Sannan ya ce in gaya wa Adam ya raɗa wa direbobin su riƙa kashe abin. Na ce masa musabbit kam suna iya ƙin dannawa, amma burkin nan mai taka kansa duk lokacin da aka tayar da mota dawowa yake yi, kuma direbobin kamfanin ba mota ɗaya suke riƙewa ba, yau wannan gobe wancan. Na ce hanya ɗaya ce, a kira motocin a duba, kuma Ustaz ba zai sauke mota daga hanya da magani a ciki ba sai an ba shi dalili. Na roƙe shi ya je da kansa ya faɗa, ni in raka shi in yi bayanin cewa duk samkarin da ke garin nan haka zai yi.

"Bari in yi tunani," in ji shi. "Gobe ma yi magana."

Maganar ta riga ni isa gida. Inna, kakarku, a lokacin idonta ya fara rauni amma kunnenta da kanta garau. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda ɗan fari ne, Babba take ce masa. Bayan magariba ta aika a kira ni, na zauna a bakin gadonta.

"Me nake ji tsakaninka da Babba?"

"Ba komai, Inna. Maganar aiki ce."

"Maganar aiki ce ta hana shi cin abinci? An ce za ka je ka gaya wa mutanen nan ya ɓata musu motoci."

"Ba haka zan ce ba. Zan ce a kawo su in duba."

"Ba suna zuwa canjin mai ba? Ka jira su zo, ka gyara abinka shiru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

"Ba wurinmu suke canza mai ba, Inna. Kuma kafin nan suna kan hanya da mutane."

"Tun yaushe suke kan hanyar? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To. Shi ya riƙe wurin nan kana Jidda. Shi ya binne ubanku kana Jidda. Ban hana ka abin da ka ga shi ne daidai ba, amma ka san abin da za ka taɓa."

Mahaifiyarku kuwa sai da na shiga ɗaki ta yi magana. Ita ba ta ja da cewa a faɗa ba. Abin da ta ce shi ne, "Abu Bashir, in ka faɗa, kada ka ƙara karɓar aikin mutanen nan, ko na fitila ne. In ka karɓa, duk abin da ka ce ba wanda zai ji." Daga sashen Yaya kuwa ƙarar tukwane ta fi ta kullum, yaran gidansa kuma suka daina ratsowa ta tsakar gidanmu.

Goben da Yaya ya ce ta zo ta wuce, wata goben ma haka. Kullum da safe in tambaye shi, ya ce mini yana tunani. Motar tana ajiye a rumfata a gyare, Adam yana zuwa ya zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya tun safe har yamma. Ustaz ya kira, na ce ina kan dubawa. A cikin waɗannan kwanakin na lura da Yaya yana aiki kamar kullum, sai dai in ya gama miƙar da ƙarfe yakan daɗe yana kallonsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na san ba taurin kai ke damunsa ba. Mutum ne da ya kusa shekara saba'in, duk abin da ya mallaka a duniya hannunsa ne da idonsa, ga shi an ce masa akwai karkatar da ba za su iya gani ba.

Ran nan Adam ya zo da labarin cewa ana loda wa ɗaya daga cikin sauran motocin biyu kaya, za ta tashi Al-Ubayyid washegari, kuma sabon direba aka ba. Na je na tsaya a kan Yaya yana goge ƙofar wata mota da takardar yashi.

"Yaya, zan tafi Khartum wurin Ustaz. Ka zo mu je tare."

Bai ɗago ba.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Na ɗauki tsohon ƙarfen da murfin a leda, Adam ya tuƙa ni. A ofis na shimfiɗa su a kan teburin Ustaz Tijjani na yi masa bayani dalla-dalla. Na fara da cewa direbansa ba shi da laifi. Na ce karon raksha ne ya lanƙwasa ƙarfen, an miƙar da shi yadda ake miƙar da kowane ƙarfe, amma irin wannan ba a miƙar da shi, canzawa ake yi a saita da na'ura. Na ce akwai motoci biyu da nake so a kawo mini kafin su sake hawa hanya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗaga murfin ya kalli ma'ajun ɗin ta ciki.

"Usɗa Idris ne ya yi wannan?"

"Warsharmu ce ta yi."

"Ya san ka zo?"

"Ya sani."

Ya ɗauki waya ya ce a sauke kayan Al-Ubayyid a mayar da su wata motar. Ya miƙa wa Adam hannu ya ce masa ma'alesh, wato ya yi haƙuri, shi ke nan abin da ya ce masa, Adam kuma ya karɓa.

Aka kawo motocin biyu, na kai su siton nan na gwada. Wadda ta kaɗe akuya lafiyarta ƙalau, idonta a tsakiya. Ta Al-Ubayyid kuwa ta fi ta Adam karkacewa, sama take kallo da gefe. Tsohon direbanta ya ce ai ta sha yi masa a ƙarƙashin allunan titi, bai faɗa ba don kada a ce shi ne. Na gaya wa Yaya sakamakon duka biyun. Ya ce, "Ka ga ɗaya lafiya lau." Na ce, "Ɗaya kam." Iyakar abin da muka ce ke nan.

Kamfanin bai yi hayaniya ba, bai nemi a biya shi komai ba. Sai dai daga ranar ba su ƙara kawo aikin jiki ba, suka koma wani babban gareji a Khartum. Aikin wuta da na rada kuwa suka ce ni suke so, har wasu masu irin motocin suka fara nemana da suna. Nan ne maganar da kuka ji ta samo asali. A layi aka ce Haruna ya ɗauki ƙarfe a leda ya haye gada ya sayar da yayansa. Na tuna abin da mahaifiyarku ta ce, na je na sami Yaya na ce masa zan mayar musu da aikinsu, mu zauna yadda muke.

"In ka mayar, ni za su dawo wa?"

"A'a."

"To karɓi abinka. Kana da 'ya a jami'a."

Na karɓa. Mahaifiyarku ta yi kwanaki tana kawo mini abinci ba ta zama. Ban ce ita ce ba daidai ba, ban kuma ce ni ne ba. Haka dai aka yi.

Gefen dama na rumfar ya yi ta zama babu mota, sai ta talakawa jefi-jefi. Masu manyan motoci sun ji cewa an ƙwace masa aikin kamfani, ba su tsaya jin dalili ba. Yakan zauna a kan benci yana kallon motoci suna shigowa suna karkata hagu. Kafin azumi ya ce mini dangin matarsa sun ba shi fili a unguwar Hajj Yusuf, can ƙetaren kogi bayan Bahri, inda raksha da bas suka fi yawa kuma ba mai rada a cikinsu. Babu faɗa, babu zagi, ba a kira kowa sulhu ba don ba abin da za a sulhunta. Na taya shi loda kwampreso da gudumominsa a mota. Rabon gida da warsha kuwa sai daga baya aka yi shi a gaban dattawa, kowa ya ɗauki nasa. Abin da ban zata ba shi ne Inna. Ranar da za su tashi na ga an fito da gadonta da akwatinta. Na shiga na ce mata ɗakinta ne, nan ta saba, ga masallaci kusa, ga ƙawayenta.

"Kai kana da aiki," in ji ta. "Babba ba shi da kowa a can."

"Fushi kike yi da ni, Inna?"

"Da fushi nake yi da ka sani. Kamo hannuna ka kai ni mota."

Daga nan sai na koma mai ziyara. Duk Juma'a bayan masallaci in hau bas in haye gada zuwa Bahri, in sake hawa wata zuwa Hajj Yusuf, in zauna da ita har la'asar sakaliya. Yaya yakan shigo mu gaisa, a kawo shayi, mu yi maganar tsadar fenti da ɗaukewar wuta. Wani lokaci yakan aiko mini da sabuwar mota gabanta a kwance, direban ya ce, usɗa ya ce ka duba kafin ya rufe. In duba in mayar. Adam ya yi kamar shekara a kamfanin, sannan na ji ya tafi haƙar zinariya a arewa, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Baffanku kuwa kun san yana nan da ransa a Kassala wurin ɗansa, muna gaisawa a waya. Har yau ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Saura rasuwar Inna, wadda ku duka a waya kuka ji. A wannan lokacin gari ba ya zaune, in an sa ranar zanga-zanga sai a toshe gadoji da kwantenoni, a katse layukan waya. A irin wannan ranar ce, da sassafe kafin a katse, Yaya ya kira ni ya ce jikin Inna ya yi tsanani, in zo. Na fita ko shayi ban sha ba. Gadar Shambat a rufe. Na nemi raksha zuwa ta Halfaya, ita ma a rufe, sojoji sun ce ko a ƙafa ba mai wucewa. Na gwada waya, babu layi. Na yi ta bin bakin kogi cikin rana, Bahri ga ta can ina hango bishiyoyinta, har sai da rana ta karkata na sami wani masunci da ya yarda ya haye da mu a kwale-kwale, ni da wasu mutum biyu. Daga can kuma babu bas, na yi rabin hanya a ƙafa, rabi a bayan wata motar kayan gwari.

Da na shiga layinsu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zaune, ƙafafunsu duk ƙasar maƙabarta. Ta cika tun da hantsi. Sun jira har azahar, zafi ya yi yawa, ba su da hanyar sanin ko zan iso, liman ya ce a kai ta. Yaya ya taso ya tarye ni, muka ɗaga hannu muka yi fatiha, ya zaunar da ni a gefensa ya sa aka kawo mini ruwa. Sai da na sha, jama'a suka ɗan ragu, na tambaye shi ko ta yi magana.

"Ta tambaye ka," in ji shi. "Na ce mata an rufe gada."

"Me ta ce?"

"Ta ce to."